Rumbu Ɗaya ko Rumbuna da Yawa: Tarihin Wata Mas'ala Tsakanin Masu Gadin Hanyoyin Sadarwa

Daga cikin sana'o'in da zamani ya zo da su akwai gadin hanyoyin sadarwa na kwamfuta, watau aikin mutanen da aka ɗora wa amanar lura da dubban na'urori a banki ko jami'a ko kamfanin waya, domin su san wadda ta mutu da wadda take haramar mutuwa tun kafin jama'a su fara kuka. Da yake ba ya yiwuwa ɗan Adam ya kwana ya yini yana zagaya na'ura dubu yana tambayar lafiyar kowace, sai ma'abuta wannan sana'a suka ƙago manhajojin da za su riƙa yin zagayen a madadinsu, suna tambaya suna rubuta amsa, suna kuma tashin mai gadi daga barci idan al'amari ya ɓaci. Da yawa daga cikin mashahuran manhajojin nan a buɗe aka fitar da su, ta yadda duk mai so yana iya karanta asalin rubutunsu, ya gyara, ya ba wani, ba tare da neman izinin kowa ba. Tun ranar da aka fara wannan aiki kuwa wata mas'ala ta taso, wadda malaman fannin suka shafe shekaru kusan talatin suna saɓani a kanta: a ina za a adana abin da manhaja ta rubuta, kuma shin wajibi ne ta iya zama da kowane irin rumbun bayanai da mai gida ya mallaka, ko ya wadatar ta riƙe guda ɗaya ta ƙware a kansa?

Kafin a fahimci nauyin mas'alar sai an san yawan abin da ake adanawa. A shekarar 1988 aka fitar da wata ƙa'ida mai suna SNMP, wadda ta ba kwamfuta damar tambayar na'urar rarraba layi labarin kanta, na'urar kuma ta amsa da lamba. Galibin amsoshin nan ƙirge ne kurum: bayit nawa suka shiga ta wannan kafa tun da aka kunna na'urar, nawa suka fita, nawa suka lalace a hanya. Manhaja takan ɗauki lambar yanzu ta cire ta ɗazu, ta raba da lokacin da ke tsakani, sai ta san nauyin da layin yake ɗauke da shi. To, a ƙaddara ma'aikata tana da na'ura 1,000, ana tambayar kowace abu 50 a kowane minti. Wannan ya zama amsa 50,000 a minti, watau miliyan 72 a kwana ɗaya, kuma kowace amsa tana son wurin zama tare da lokacinta da sunan mai ita. Rubutu ne da ba ya yankewa, ba ya sanin Juma'a balle Lahadi, alhali kuwa mafi yawansa babu wanda zai taɓa buɗe shi ya duba har ranar da za a share shi.

Mutanen farko ba su nemi rumbun kowa ba. A shekarar 1994 wani Basuwizale mai suna Tobias Oetiker yana aiki a Jami'ar De Montfort da ke birnin Lesta a Ingila, inda jami'ar take shiga intanet ta wani siririn layi mai ɗaukar kilobit 64 a daƙiƙa, kuma kowa yana son sanin ko layin ya cika ne ko ya yanke. Sai ya rubuta 'yar manhaja da take tambayar na'urar bakin layin kowane minti biyar, ta zana sakamakon a shafin da kowa zai iya gani. A 1995 ya sake ta ga duniya da sunan MRTG, daga baya wani mai suna Dave Rand ya taimaka wajen sake rubuta sashen da ya fi nauyi da harshen C domin ya yi sauri. Hikimar MRTG ita ce fayil ɗinta ba ya girma. Tana riƙe awon minti biyar-biyar don zanen yini, sa'an nan ta dunƙule tsofaffin awo zuwa matsakaicin rabin awa don zanen mako, na awa biyu don zanen wata, na yini guda don zanen shekara, abin da ya wuce haka kuma ta bar shi ya tafi. Bayan Oetiker ya koma birnin Zurik sai ya tace wannan dabara ya fitar da ita a 1999 a matsayin kayan aiki mai zaman kansa, RRDtool, wanda ake yanka wa fayil girmansa tun ranar haihuwa, sabon awo yana hawa kan mafi tsufa, ana ta kewayawa.

Wannan tsari ya biya bukatar zane, amma bai biya bukatar hukuma ba. Shugaban ma'aikata yana son a gaya masa sau nawa reshen kaza ya yanke a cikin wata uku, da ƙarfe nawa aka aika wa mai gadi saƙo, wa ya amsa, kuma minti nawa aka yi kafin a gyara. Mai gadi shi ma yana son jerin na'urorinsa da rukuninsu da sunayen waɗanda aka yarje wa ganin kowace. Irin waɗannan tambayoyi suna bukatar a haɗa jadawali da jadawali, kuma ilmin yin haka ya riga ya daɗe da kafuwa. Tun 1970 Edgar Codd, wani Baturen Ingila mai aiki da kamfanin IBM a Kalifoniya, ya shimfiɗa ƙa'idar adana bayanai cikin jadawalai masu alaƙa da juna. Kamfanin Oracle ya fara sayar da rumbunsa a 1979, IBM ta fito da DB2 a 1983, aka kuma tsayar da harshen da ake yi wa rumbunan magana da shi, SQL, a matsayin mizani a Amurka a 1986 da duniya baki ɗaya a 1987. Daga baya buɗaɗɗun rumbuna suka bayyana: PostgreSQL, wanda ya tsiro daga aikin da Michael Stonebraker ya fara a Jami'ar Kalifoniya ta Berkeley a 1986 kuma ya sami sunansa na yanzu a 1996, MySQL, wanda Michael Widenius da David Axmark suka fitar daga Suwidin a 1995, sai SQLite na Richard Hipp a shekarar 2000, wanda shi duk rumbun fayil guda ne, ba ya bukatar uwar garke.

Mai karatu zai iya cewa, to me ya hana marubucin manhaja ya zaɓi ɗaya daga ciki ya huta? Abin da ya hana shi ne manhajar lura baƙuwa ce a duk inda ta sauka, kuma takan tarar da gidan yana da rumbunsa tun tuni. Bankin da ya biya maƙudan kuɗi ya sayi lasisin Oracle, ya ɗauki ma'aikata na musamman don kiwonsa, ya kuma tsara yadda ake kwafe ajiyarsa kowane dare saboda tsaron hasara, ba zai yarda cikin sauƙi a shigo masa da wani rumbu dabam da babu wanda ya san hannunsa ba, ko da kuwa kyauta ne. Jami'ar da ta saba da PostgreSQL haka za ta ce, ƙaramin kamfanin da ya tashi da MySQL shi ma haka. Saboda haka buƙatar ba daga son ado ta fito ba. Daga larura ta fito, domin sau da yawa amsar da ma'aikata take ba mai gadi ita ce, in manhajarka ba ta zama da rumbunmu to nemi wata.

A zahiri abin kamar mai sauƙi ne, tunda duk rumbunan SQL suke ji. Amma sha'aninsu ya yi kama da na mazhabobi, waɗanda suka yi ittifaƙi a kan asali suka saɓa a rassa, kuma kowa ya san cewa a rassan ne rayuwar yau da kullum take gudana. A ɗauki mas'alar ba kowane sabon layi lambarsa ta kansa, abin da kowace manhaja take bukata sau dubbai a yini: MySQL yana ƙara lambar da kansa idan an yi wa ginshiƙin alama, PostgreSQL yana ajiye wani maƙirgi na dabam a gefe yana ciro lamba daga gare shi, Oracle kuwa sai da bugunsa na 12c ya fito a 2013 kafin ya sami ginshiƙi mai ƙara kansa, gabanin haka sai marubuci ya nemi lambar da hannunsa. Haka nan idan ana son layi goma na farko kaɗai, lafazin da MySQL da PostgreSQL suke karɓa tsohon Oracle ba ya karɓarsa. Idan ana son a ce wa rumbu, rubuta wannan in babu shi, in akwai shi ka sabunta, MySQL ya daɗe da hanyarsa, PostgreSQL bai sami tasa ba sai a bugu na 9.5 a farkon 2016, kuma lafazin biyun bai zo ɗaya ba.

Akwai saɓanin da ya fi waɗannan cutarwa, domin ba ya bayyana sai bayan an yi nisa. Oracle yana ɗaukar rubutun da babu harafi ko ɗaya a cikinsa daidai da rashin ƙima gaba ɗaya, alhali sauran rumbuna suna bambanta gurbin da aka cike da wofi da gurbin da ba a cike ba sam. Don haka tambayar da ta dawo da layi ɗari a MySQL tana iya dawowa hannu rabbana a Oracle ba tare da ko kalmar gargaɗi ba. Tsohon Oracle bai yarda sunan jadawali ko ginshiƙi ya wuce harafi 30 ba, ya kuma iyakance jerin abubuwan da ake lissafa masa cikin sharaɗi guda zuwa 1,000, ta yadda mai gadin da ya zaɓi na'ura dubu biyu a allonsa sai an yayyanka masa tambayar gida-gida. Ga kuma mas'alar maƙirgin nan na SNMP. Na farko mai bit 32 ne, yana cika a 4,294,967,295 ya koma sifiri, kuma a layin megabit 100 da ya cika maƙil hakan yana faruwa cikin minti biyar da daƙiƙa 43 kacal, abin da ya tilasta aka ƙago mai bit 64, wanda iyakarsa lamba ce mai gurbi 20. MySQL yana da nau'in lamba marar ɓangaren ƙasa da sifiri wadda take ɗaukar wannan cif-cif. PostgreSQL ba shi da ita, babbar lambarsa rabin wancan take kaiwa, sai dai a koma ga wani nau'in lamba mai faɗi wanda ya fi cin wuri da lokaci. Abu ne ƙarami a ido, amma a jadawalin da ake zuba wa layi miliyoyi kowace rana babu ƙaramin abu.

Da aka fuskanci wannan, sai malaman fannin suka kasu. Kashi na farko suka ce rumbu ɗaya ya isa. OpenNMS, wanda aka fara a Amurka a 1999 kuma Tarus Balog ya karɓi riƙonsa a 2002, ya jingina da PostgreSQL tun farko bai sauka ba. Cacti, wanda Ian Berry ya fara a 2001 yana ɗalibin sakandare, ya ajiye jerin na'urori da tsare-tsare a MySQL, awo kuwa ya bar wa RRDtool. LibreNMS, wanda ya ɓalle daga manhajar Observium a 2013, shi ma kan wannan turba ya bi. Hujjarsu ita ce wanda ya san rumbu ɗaya yana iya amfani da duk baiwar da ke cikinsa, yana kuma iya amsa kukan mai amfani da yaƙini, tunda abin da ke gaban mai kukan shi ne abin da ke gabansa. Lahanin da ke ciki kuwa shi ne sun rufe ƙofa ga duk ma'aikatar da rumbunta ya saɓa da nasu, sun kuma ɗaure makomarsu da makomar wani aikin da ba su da iko a kansa.

Labarin Nagios ya fi kowanne nuna yadda mas'alar take juyawa. Ethan Galstad na jihar Minesota ya fitar da ita a 1999 da sunan NetSaint, ya sauya sunan a 2002 saboda takaddamar alamar kasuwanci, kuma cikin 'yan shekaru ta zama ɗaya daga cikin manhajojin lura da aka fi sani a duniya. Asalinta a fayilolin rubutu take adana halin na'urori, amma bugun farko yana da zaɓin a haɗa ta da MySQL ko PostgreSQL. Da bugu na biyu ya zo sai aka cire wannan zaɓi ɗungurungum daga cikin zuciyar manhajar, aka buɗe wata kafa a madadinsa wadda ƙarin kayan aiki na waje za su riƙa karɓar labari ta cikinta su kai inda suka ga dama. A ƙa'ida wannan hikima ce, domin an raba aikin gadi da aikin ajiya. A aikace kuwa, abin da aka samar don cike gurbin, NDOUtils, MySQL kaɗai ya iya, sai waɗanda suke kan PostgreSQL da Oracle suka wayi gari a waje, suna aika gyare-gyare suna jiran a karɓa.

Jiran da ya yi tsawo, tare da wasu koke-koke game da jinkirin ci gaban manhajar, shi ya sa a watan Mayu na 2009 wata jama'a, galibinsu daga Jamus da Ostiriya, da goyon bayan kamfanin NETWAYS na birnin Nurembag, suka ɗauki rubutun Nagios suka kafa nasu reshe mai suna Icinga, abin da lasisin Nagios, watau GPL, ya halatta musu. Cikin manyan alkawuran da suka yi akwai faɗaɗa ajiya, kuma sun cika: sashensu mai suna IDOUtils ya zauna da MySQL da PostgreSQL ta hanyar wani matsakaici mai suna libdbi, ya kuma zauna da Oracle ta wata hanya dabam. Lokacin kuwa ya dace da wani tashin hankali a kasuwa. Kamfanin Sun ya sayi MySQL a 2008 a kan kimanin dala biliyan ɗaya, sai ga shi a watan Afrilu na 2009 Oracle ya ba da sanarwar zai sayi Sun ɗin kansa, cinikin da ya kammala a watan Janairu na 2010. Ta haka buɗaɗɗen rumbun da manhajojin lura da yawa suka dogara da shi ya faɗa hannun kamfanin da ya fi kowa sayar da rufaffen rumbu. Widenius ya ɗauki rubutun ya kafa MariaDB, kuma a wannan lokaci maganar rumbuna da yawa ta tashi daga mustahabbi a idon mutane ta kusanci wajibi.

Wadda ta kai ra'ayin rumbuna da yawa maƙura ita ce Zabbix. Alexei Vladishev ya fara rubuta ta a 1998 don amfanin wani banki a ƙasar Latbiya, ya sake ta a buɗe a 2001, bugu na 1.0 ya fito a 2004, ya kuma kafa kamfani a birnin Riga a 2005. Saɓanin sauran, Zabbix tana zuba komai a rumbun SQL, daga jerin na'urori har zuwa kowane awo ɗaya-ɗaya, don haka mas'alar rumbu ta zame mata mas'alar rai. A lokacin bugu na 2.0 a 2012 tana zama da rumbuna biyar: MySQL, PostgreSQL, Oracle, DB2 da SQLite. Dabarun da suka bi sun cancanci a dube su. Sun rubuta fasalin jadawalansu sau ɗaya cikin wani lafazi nasu na kansu, sa'an nan wata 'yar manhaja take juya shi zuwa lafazin kowane rumbu. Mas'alar lambar layi kuwa sun kauce mata baki ɗaya, suka buɗe wani jadawali na musamman da yake riƙe lamba ta gaba ga sauran jadawalai, manhajar tana rabawa da kanta ba ta tambayi rumbu ba. Awon maƙirgi mai bit 64 suna zuba shi a lambar MySQL marar ƙasa da sifiri, a PostgreSQL kuma a lamba mai gurbi 20. Amma kowace dabara da farashinta, domin manhajar da take son kowa ya fahimce ta tilas ta taƙaita maganarta ga abin da duka biyar suka yi tarayya a kai, ta bar baiwar da kowannensu ya keɓanta da ita.

Inda farashin ya fi ciwo shi ne wurin shara. Tunda rumbu ba ya zubar da tsohon awo da kansa kamar fayil ɗin Oetiker, sai Zabbix ta naɗa wani ma'aikaci a cikinta da yake tashi lokaci-lokaci ya goge layukan da wa'adinsu ya cika, bayan an dunƙule su zuwa taƙaitawar awa-awa mai ɗauke da mafi ƙanƙanta da matsakaici da mafi girma. Goge layi miliyoyi ɗaya bayan ɗaya, alhali sababbi suna kwarara, aiki ne da yake durƙusar da faifai, kuma kowane rumbu da irin ciwonsa: PostgreSQL ba ya mayar da gurbin layin da aka goge nan take sai wani mai shara nasa ya bi baya, fayilolin MySQL kuma ba su cika raguwa ba ko an kwashe abin da ke ciki. Maganin da masu gadi suka gano shi ne a yanka jadawali gunduwa-gunduwa bisa kwanaki, in wa'adi ya cika a jefar da gunduwar ɗungum cikin ƙiftawar ido. Sai dai yadda ake yankan ya bambanta daga rumbu zuwa rumbu, PostgreSQL ma bai sami hanya miƙaƙƙiya ba sai bugu na 10 a 2017, don haka shekara da shekaru aka bar kowane mai gadi ya yi wa kansa, da rubuce-rubucen da ake gada hannu da hannu.

Daga nan tarihi ya fara komawa da baya. Icinga 2, wadda aka sake rubutawa daga tushe aka fitar a 2014, ta zo da MySQL da PostgreSQL, Oracle kuwa ba a ɗauko shi ba. Haka kuma Icinga DB da ta biyo baya a 2022 ba ta ƙara na uku ba. Zabbix ta janye SQLite daga babbar uwar garkenta a bugu na 3.4 a 2017, ta bar shi ga ƙananan wakilan da ake girkawa a rassa masu nisa, domin rumbu ne da marubuci ɗaya kaɗai yake iya rubutu a cikinsa a lokaci guda. Ta sallami DB2 a bugu na 5.0 a 2020. Ta ba da sanarwar yaye Oracle a bugu na 7.0 a 2024, ta kuma cire shi a 7.2 a ƙarshen shekarar. Cikin shekara goma sha biyu rumbuna biyar sun koma gida biyu, gidan MySQL da na PostgreSQL, kuma abin lura shi ne rufaffun nan biyu masu tsada su ne suka fita gaba ɗaya.

Dalilin bai ɓoyu ba ga wanda ya san yadda ake kiwon manhaja. Ƙara rumbu aikin wata ɗaya ne ko biyu ga gwani, amma riƙe shi aikin har abada ne, domin duk sabon abin da aka ƙara sai an gwada shi a kan kowane rumbu, da kowane bugu na rumbun da mutane suke amfani da shi, kuma duk lokacin da aka sauya fasalin jadawali sai an rubuta hanyar ƙaura ga kowanne, a tabbatar ba ta cinye tarihin shekarun wani ba. A buɗaɗɗiyar manhaja kuwa sau da yawa mutum ɗaya ne yake ɗauke da rumbu guda, saboda ma'aikatarsa tana bukatarsa. Ranar da ya sauya aiki sai sashen ya zama maraya, sunansa yana nan cikin jeri alhali babu mai duba shi. Rufaffen rumbu ya fi saurin shiga wannan hali, tunda ɗan sa-kai ba shi da irin manyan injuna da lasisin da ake gwada shi da su a yanayi na haƙiƙa, masu amfani da shi kuma 'yan kaɗan ne, ba su cika bayyana abin da ke faruwa a cikin gidajensu ba.

Ana cikin haka sai wata jama'a ta zo ta ce tambayar ma an yi ta a karkace, domin awon da yake zuwa jere da lokaci wani jinsi ne dabam, bai kamata a cusa shi cikin jadawalan Codd ba tun farko. Graphite, wanda Chris Davis ya rubuta a kamfanin Orbitz aka buɗe shi a 2008, ya zo da fayilolinsa masu kama da na RRDtool. OpenTSDB ya biyo baya a 2010, InfluxDB a 2013. Prometheus, wanda Matt Proud da Julius Volz suka fara a kamfanin SoundCloud na birnin Balin a 2012, ya gina ma'ajiyarsa a cikin jikinsa, sa'an nan ya buɗe ƙofa guda mai ƙa'ida sananniya wadda duk mai son ajiya ta dogon zango zai karɓi awo ta cikinta. Da haka nauyin ya tashi daga kan marubucin manhajar lura ya koma kan marubucin rumbu: wanda yake son a yi amfani da rumbunsa shi zai koyi ƙa'idar ƙofar. Tsofaffin ma sun bi sahu gwargwadon hali. OpenNMS ta ƙara ma'ajiyar awo a kan rumbun Cassandra, LibreNMS tana iya tura awonta zuwa InfluxDB ko Graphite, Zabbix kuma a bugu na 4.2 a 2019 ta karɓi TimescaleDB, wani ƙari a kan PostgreSQL da yake yanka jadawali bisa lokaci da kansa, wanda ya sauƙaƙa ciwon sharar da aka ambata.

Kada a fahimci cewa wahalar da Icinga da Zabbix suka sha ta tafi a banza. Manhajar da aka tilasta wa zama da rumbu biyu takan fi tsabta, domin an hana ta jingina da lahanin ɗayansu, kuma ma'abutanta suna da mafita ranar da aka sayar da rumbu ko aka sauya lasisinsa. Waɗanda suka riƙe ɗaya ma ba su tsira kamar yadda suka zata ba: tsarin sarrafa kwamfuta na Red Hat ya maye gurbin MySQL da MariaDB a bugunsa na 7 a 2014, takwaransa Debian ya yi haka a bugu na 9 a 2017, kuma da tafiya ta yi tafiya rassan biyu suka riƙa nisantar juna, har ya zama wanda ya yi alkawarin rumbu ɗaya yau biyu yake gwadawa.

Abin da tarihin nan ya tabbatar shi ne goyon bayan rumbu alkawari ne, kuma ba ya rayuwa sai da mai ɗaukar nauyinsa. Inda aka sami jama'a mai yawa da take gwadawa tana kai kuka tana gyarawa ya ɗore, inda ya rataya a wuyan mutum ɗaya ko abokin ciniki ɗaya ya faɗi. Saboda haka, ya kai mai karatu, idan aka ɗora maka zaɓen manhajar lura ga ma'aikatarka, kada tsawon jerin rumbunan da aka rubuta a takardarta ya ruɗe ka. Ka bincika wane rumbu marubutanta suke gwadawa a kowane bugu, wanne ne mafi yawan jama'arta suke kai, kuma ta wace hanya za ka fitar da tarihinka idan ranar ƙaura ta zo, sa'an nan ka yanke hukunci.